Kama da Wane Ba Ta Wane: Sharhi Kan Farin Tabo da Gyambon Cikin Baki

 

Bari mu fara da misali, irin wanda ba sai an je nesa za a same shi ba. A ce ga wata uwargida, shekarunta sun ba hamsin baya, wadda duk gidan an san ba ta cin tuwo sai ta barbaɗa yaji. Kwatsam sai aka ga ta ture robar yajin gefe. Kunun tsamiya ta daina sha, zoɓo ta daina, ko lemo aka ɓare mata sai ta kau da kai. Da aka matsa mata da tambaya sai ta ce, "Bakina ne. Da abu mai yaji ko tsami ya taɓa shi sai in ji kamar an zuba mini garwashi." 'Yarta ta haska mata fitilar waya, sai ga wani farin zane a cikin kumatu, dama da hagu, siri-siri, a sarƙe kamar leshi, gefensa ya yi jawur.

Nan da nan gida ya cika da likitoci. Abokiyar zamanta ta ce zafi ne, a jiƙa mata bagaruwa. Maƙwabciya ta ce dattin ciki ne ya fito, a nemo maganin wankin ciki. Ɗanta ya je kemis ya dawo da kafso da shuɗin maganin nan da ake shafa wa gyambo. Aka ware mata kofinta da cokalinta. Wata tsohuwa kuwa ta ja 'yar gefe ta ce, "Ke yarinya, kada ku kuskura ku kai ta asibiti. In daji ne, ba ya son ƙarfe." Maigidan, wanda ya shekara talatin yana cusa garin taba a bayan leɓe, ya yi dariya ya ce, "Ni ma ai ina da irin wannan farin, shekara guda ke nan, ko ƙaiƙayi bai taɓa yi mini ba." Wata uku ana haka. Kowa ya raɗa wa ciwon suna, amma babu wanda ya kira shi da sunansa.

Hausawa suka ce kama da wane ba ta wane. Da wuya a sami inda wannan magana ta zauna daram kamar cikin bakin ɗan Adam. Fatar cikin baki ba ta da yare mai yawa na faɗin damuwarta. Ko dai ta yi fari, ko ta yi ja, ko ta saɓule ta zama gyambo. Cututtuka barkatai, tun daga wadda ba ta buƙatar ko ƙwayar magani ɗaya har zuwa wadda ke kai mutum kushewa, duk da wannan ɗan yaren suke magana. Shi ya sa sharhinmu na yau bai tsaya a kan magani ba. Ya tsaya a kan abin da ke zuwa kafin magani, wato yadda ake gane wane ne wane.

Abin da aka gani a bakin waccan baiwar Allah ya fi kama da wata cuta da likitoci ke kira laikin filanus. A bakin jama'a ciwon baki kawai ake ce mata, a haɗa ta da sauran a kwando ɗaya. Wani likitan fata na Ingila, Erasmus Wilson, shi ya bayyana ta ya sa mata wannan suna a 1869. Kalmar farko daga Girkanci take, tana nufin ɗan tsiron nan mai kama da gansakuka da ke manne wa bawon itace da jikin dutse. Ta biyun kuwa Latin ce, ma'anarta abu shimfiɗaɗɗe. A 1895 wani likita a birnin Faris na Faransa, Louis Wickham, ya yi bayanin fararen layukan nan masu kama da leshi, kuma har yau da sunansa ake kiran su a asibitocin duniya.

To, me ke kawo ta? Allah ya sanya wa jikinmu dakaru, su ne garkuwar jiki, aikinsu farautar baƙin ƙwayoyin cuta. A wannan larura, wani rukuni na dakarun ne ke rikicewa su far wa 'yan gida. Inda suke kai farmakin shi ne shimfiɗar can ƙasa ta fatar baki, wurin da ake haifar sababbin ƙwayoyin fata. Inda farmakin ya yi sauƙi, fatar sai ta yi kauri don kare kanta, mu kuma mu ga fari. Inda ya yi tsanani, sai ta yi siriri ta yi ja, ko ta saɓule baki ɗaya. Abin da ke tunzura dakarun tun farko, har yanzu masana na kan bincike, sai dai an lura damuwa da tashin hankali kan tayar da ciwon ga wanda ke da shi.

A nan akwai magana ɗaya da nake so ta shiga kowane tsakar gida. Laikin filanus ba a ɗaukar ta. Ba ta bin kofi, ba ta bin cokali, ba ta bin shimfiɗar aure. Ware wa mai ita kwano ƙarin ciwo ne a kan ciwo.

Kiyasin masana ya nuna wajen mutum ɗaya cikin ɗari na ɗauke da ita a baki. Ta fi kama mata, ta fi zuwa daga shekara arba'in zuwa sama, kuma ba kasafai ake ganin ta ga yara ba. Littattafan likitanci sun kasa ta gida shida, amma ga mai sauraro fuska uku sun isa. Akwai farar, mai zanen leshi, wadda sau da yawa ba ta ciwo, sai dai mutum ya ji kaushi-kaushi da harshensa. Akwai jar, mai raɗaɗi. Akwai kuma mai gyambo, wadda ke hana ci da sha. Babbar alamarta ita ce zuwa biyu-biyu: abin da ke kuncin dama, za a ga ɗan'uwansa a kuncin hagu. Takan kama harshe, takan kama dasashi ya yi ja kamar an ɗaye shi, har mutum ya riƙa tsoron buroshi. Wasu kuma, kimanin 15 cikin ɗari na masu ita a baki, sukan same ta a fata, ƙuraje masu ƙaiƙayi da sheƙi a wuyan hannu, ko ƙwauri, ko gadon baya. A jikin baƙar fata ƙurajen duhu suke yi, su bar baƙin tabo. Ta fata takan wuce cikin shekara ɗaya ko biyu. Ta baki kuwa baƙuwa ce mai daɗewa, takan yi shekaru tana lafawa tana tashi.

Yanzu sai mu leƙa gidan masu kama da ita, mu fara da waɗanda ba su da laifin komai.

Na farko ya shafe mu kai tsaye. Yawancin manya baƙar fata suna da wani hazo-hazo, fari mai ruwan toka, a cikin kumatu biyu. Likitoci na kiran sa lukodima, kuma halitta ce, ba cuta ba. Gwajinsa ba ya cin ko sisi: a ja kuncin ya miƙe, sai hazon ya ɓace, a saki ya dawo. Zanen laikin filanus ko an ja shi yana nan. Haka nan akwai farin layi guda da kan bi daidai inda haƙoran sama da na ƙasa ke haɗuwa, da kaushin da masu tauna kumatu ke jawo wa kansu, da kantar da karyayyen haƙori ke yi wa gefen harshe. A gyara haƙorin, a daina taunar, cikin 'yan makonni wurin ya koma daidai. Sai ƙunar magani. Mai ciwon haƙori ya ɗora ƙwayar asfirin ko kanwa, wani ma har ruwan batir, a gindin haƙori ya kwana, da safe ya tarar wurin ya yi fari fat yana saɓulewa. Sai kuma ɗan gyambon nan da kusan kowa ya sani, zagayayye, tsakiyarsa rawaya gefensa ja, mai zafin tsiya, wanda ke warkewa da kansa cikin kwana goma zuwa mako biyu.

Na gaba shi ne kandida, wata ƙwayar cuta dangin funfuna. Farinta kamar gudajin kindirmo yake, kuma in aka sa auduga aka goge yakan fita ya bar wurin ja. Iyaye mata sun san ta a bakin jarirai. Amma in ta bayyana a bakin babba, 'yar aike ce, sai a tambayi wanda ya aiko ta. Wani lokaci ciwon suga ne, wani lokaci yawan shan kafso barkatai, ko maganin shaƙa na masu asma, ko haƙoran roba da ake kwana da su, ko kuma cuta mai karya garkuwar jiki. Ita wannan ta ƙarshen tana da wata alamar ta daban, farin tabo mai gaza-gaza a gefen harshe wanda ba ya goguwa, wanda likitocin baki a San Faransisko ta Amurka suka fara bayyanawa a 1984. An sha gano cutar a kujerar likitan haƙori kafin mai ita ya san yana ɗauke da ita. Abin da ke ƙara rikita lissafi shi ne kandida na iya hawa kan laikin filanus ta zauna, a ga cuta biyu a wuri guda.

Daga nan sai 'yan'uwanta na kusa, waɗanda ko a ƙarƙashin madubin likita kusan fuskarsu ɗaya da ita. Akwai wanda cikon haƙori ke jawowa. Cikon nan mai launin azurfa, kusan rabinsa zaiba ce, kuma jikin wasu mutane ƙalilan ba ya jituwa da ita. Alamar a fili take ga mai lura: tabon na gefe ɗaya, daidai inda kunci ko harshe ke gogar cikon. In aka sauya cikon da wani iri, sau da yawa tabon kan tafi. Ɗanɗanon kirfa da ake sa wa wasu cingam da man goge baki shi ma yakan yi wa wasu haka.

Akwai kuma wanda magani ke jawowa, kuma wannan darasi ne da aka koya a fagen fama. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin da aka tura tsibiran tekun Fasifik an riƙa ba su maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro mai suna mefakirin, sai aka ga wasunsu na fitar da ƙuraje masu kama da laikin filanus. Tun daga nan jerin ya yi ta tsawo. Kulorokwin na ciki, da wasu magungunan hawan jini, da wasu na ciwon suga, da magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dangoginsa, waɗanda mutanenmu ke sha kamar gyaɗa bayan an tashi daga gona ko kasuwa. Tabon ba ya fitowa ranar da aka fara shan maganin, yakan ɗauki makonni ko watanni, shi ya sa mai shi ba ya kawo alaƙar a ransa. Ku duba fa, shekarun da laikin filanus ke zuwa su ne shekarun da hawan jini da suga ke zuwa. Don haka tambayar da likita zai warware ita ce: cutar ce da kanta, ko maganin da ke cikin jakar Hajiya ne? Amma ina roƙon masu sauraro, kada wani ya ji wannan ya ajiye maganin hawan jininsa. Shanyewar ɓarin jiki ta fi ciwon baki muni nesa ba kusa ba. Likitan da ya rubuta maganin shi ke da ikon sauya shi.

Akwai wasu cututtukan garkuwar jiki da su ma kan fara daga baki. Lufus, wadda ta fi kama mata, takan yi tabo mai fararen layuka a leɓe ko ganda. Femfigus kuwa ƙuraje masu ruwa take yi, su fashe su bar gyambo, kuma in ba a tare ta ba takan bazu a fata ta zama barazana ga rai.

Sai mu zo kan farin da maigidan nan ke yi wa dariya. Farin tabo ne da ba ya goguwa, ba ya ɓacewa in an ja, kuma ba a sami wata cutar da za a jingina shi gare ta ba. Sunansa lukofilakiya, kuma babban abokin tafiyarsa taba ce, ta sha ko ta cusawa. 'Yan'uwanmu da ke Sudan sun san tumbak, garin tabar da ake kwaɓawa da atrun a cusa a bayan leɓe, kuma binciken likitocin ƙasar ya daɗe da danganta shi da dajin baki, daidai inda ake ajiye shi. Garin tabarmu da ake haɗawa da kanwa ɗan gidan su ne. Wani kaso na irin wannan farin tabon kan rikiɗe ya zama daji. Jan tabo mai laushi wanda ba ya ciwo ya ma fi shi haɗari. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna a 2020 an sami sababbin masu dajin baki da leɓe sama da 370,000, kuma sama da 170,000 sun rasu. Mugun halin wannan daji shi ne yakan fara shiru, ba zafi ba ƙaiƙayi, a gefen harshe ko ƙarƙashinsa. A gidan da muka yi misali da shi, mai kuka da bakinta ita ake yi wa sannu, amma mai dariyar ne ya fi tsaya wa likita a rai.

To, ta yaya ake rarrabe waɗannan duka? Tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya, sai murhu ya cika uku.

Dutsen farko shi ne tambaya. Likita zai ce, "Hajiya, yaushe ya fara? Yana tafiya ya dawo ne, ko yana nan daram? Wane magani kike sha, na asibiti da na gargajiya? An taɓa yi miki cikon haƙori? Akwai ƙaiƙayi a jiki? Farce ya canza? Gashi na zuba?" Zai kuma yi tambayar da ke da nauyi a baki, domin laikin filanus kan taɓa al'aura, ga mata da maza, kuma mata da yawa sun yi shekaru suna shan maganin sanyi a kan abin da ba sanyi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai cusa taba ya faɗa, mai shan giya ya faɗa, wadda ke jin kunyar likita namiji ta nemi a haɗa ta da mace.

Dutse na biyu shi ne dubawa, da haske mai kyau da safar hannu. A duba kumatu, a ɗaga harshe, a kama shi da auduga a juya shi dama da hagu, a leƙa ganda da dasashi. A goge a ga ko zai fita, a ja a ga ko zai ɓace. A lura gefe ɗaya ne ko biyu. A taɓa da yatsa, domin gyambon da ya yi tauri kamar an binne tsakuwa a ƙarƙashinsa ba abin jira ba ne. A shafa wuya a ji ko akwai kaluluwa. A wasu lokuta a haɗa da gwajin jini, na suga, na ƙarancin jini, na cuta mai karya garkuwar jiki, da na ciwon hanta nau'in C, wanda bincike a ƙasashe irin su Italiya da Japan ya nuna yana da alaƙa da laikin filanus.

Dutse na uku shi ne wanda mutanenmu ke gudu, wato a yanki ɗan nama a kai ɗakin gwaji, abin da likitoci ke kira bayofsi. Bari in faɗa muku yadda ake yi, domin tsoron ya fi aikin girma. A kan kujerar likitan haƙori ake yi, ido biyu. A yi allurar kashe zafi irin ta cire haƙori, a ɗauki ɗan yankin da bai kai ƙwayar wake ba, a yi ɗinki ɗaya ko biyu, mutum ya tashi ya tafi gida da ƙafarsa. Ba daga tsakiyar gyambo ake ɗauka ba, daga gefensa ne, inda fatar ke nan, domin ita ce mai labarin. A jefa yankin a ruwan fomalin, a kai wa masanin da zai yanka shi siriri, ya rina shi, ya duba a madubin likita.

In laikin filanus ce, zai ga dakarun nan sun yi sahu kamar shinge a ƙarƙashin fata, zai ga shimfiɗar ƙasa ta zaizaye, wani lokaci gindin fatar ya yi tsini-tsini kamar haƙoran zarto. Amma abin da ya fi nema shi ne abin da ba ya fatan gani: ƙwayoyin da suka fara sauya kama, suka kama hanyar zama daji. In ana zargin femfigus ko danginta, akan ɗauki yanki na biyu don wani gwaji na musamman da ke sa sinadaran garkuwar jiki su yi haske, a ga inda suka taru.

Maganar cewa daji ba ya son ƙarfe, ya kamata mu dube ta da idon basira. Daga ina ta samo asali? Daga gidajen da aka ɓoye mara lafiya shekara guda ana shafe-shafe, sai da abu ya ci ƙarfinsa aka kai shi asibiti, aka yi gwaji, bayan 'yan makonni ya cika. Sai aka ɗora wa ƙarfe laifin da jinkiri ya aikata. Ɗan yankin da ake ɗauka ba ya haifar da daji inda babu shi. Inda kuma yake, gwajin ne ke ba da damar a cire shi tun yana ɗan tabo, lokacin da aikin ke da sauƙi kuma fatan warkewa ke da yawa.

Su kansu masana sun san ido kaɗai na yaudara, madubi kaɗai ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin gane wannan cuta a 1978. A 2003 wasu masana biyu a Amsterdam ta ƙasar Holan, van der Meij da van der Waal, suka tsaurara su, bayan an ga likitoci kan saɓa wa juna a kan tabo guda. Sharaɗinsu shi ne sai abin da ido ya gani a baki da abin da madubi ya nuna sun yi shaida iri ɗaya kafin a kira ta laikin filanus. In shaidun biyu suka saɓa, sai a ce mai kama da ita ce, a ƙara sa ido. To in ƙwararrun da suka ƙare rayuwarsu a wannan fanni ba su yarda da shaida ɗaya ba, ina ga mai kemis da ya ji labarin ciwon daga bakin ɗan aike?

Wani zai ce, duk wannan wahala ta mece ce, ba a ba ni magani kawai ba? Dalilin shi ne maganin wannan gubar wancan ne. Laikin filanus mai ciwo da magungunan sitiroyid ake kwantar da ita, na shafawa ko na kurkure baki. A shafa sitiroyid a kan kandida, an zuba mata taki. A shafa shi a kan dajin da ke farawa, jan ya ɗan lafa, hankali ya kwanta, a yi asarar watannin da ba za su dawo ba. A ɗura wa mai laikin filanus kafso kuwa, ba abin da zai ƙaru sai kandida. Sannan farar da ba ta ciwo ba ta ma buƙatar magani, sai kulawa.

Gaskiyar da ya kamata mai ita ya sani tun ranar farko ita ce, ba a kai ga maganin da ke tumɓuke ta ba, lallaɓa ta ake yi, kamar yadda ake lallaɓa hawan jini. A rage yaji da tsami lokacin da ta tashi, a yi amfani da buroshi mai laushi, mai asuwaki ya tausasa hannu, a je a wanke dattin da ya daskare a gindin haƙora, a rabu da taba. Kuma a riƙa komawa ana dubawa, bayan wata shida ko aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da ba ta ciwo. Dalili kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin larurorin baki da kan iya rikiɗewa su zama daji. Kason kaɗan ne, wajen mutum ɗaya cikin ɗari na masu ita, kuma ya fi faruwa ga mai ja ko mai gyambo, musamman a harshe, da kuma masu taba. Casa'in da tara za su tsufa da ita lafiya lau. Komawar don a tsinci na ɗarin ne da wuri.

A nan dole mu juya ga hukumomi. Likitocin da suka ƙware a cututtukan cikin baki, da masu karanta naman gwaji, yawancinsu a manyan asibitocin koyarwa suke, irin na Kano da Zariya da Maiduguri da Sakkwato, ko babban asibitin ƙasa na Yamai. Mutumin ƙauye sai ya haɗa kuɗin mota da na gwaji da na kwana, sannan ya sake dawowa karɓar sakamako. Ba a cewa a kai ƙwararre kowace gunduma gobe da safe. Amma koya wa ma'aikacin ƙaramin asibiti ya ce "buɗe bakinka" ya haska tocila na minti biyu, wannan ba ya buƙatar sabon gini. Haka nan samar da hanyar da 'yar kwalbar gwaji za ta yi tafiyar maimakon mara lafiya, sakamako kuma ya dawo ta waya. Masu kemis kuma, ku ji tsoron Allah. Wanda ya dawo muku karo na biyu da ciwon baki ɗaya, takardar zuwa asibiti yake buƙata, ba sabon kafso ba.

Kai kuma mai sauraro, ga ma'auni mai sauƙin riƙewa: mako biyu. Duk farin tabo, ko jan tabo, ko gyambo, ko kumburin da ya wuce mako biyu a baki bai warke ba, a kai shi gaban likitan haƙori, ko yana ciwo ko ba ya yi. Ranar da za ka je, ka haƙura da goro, kada a shafa shuɗin magani, mata a ajiye fure, domin rini na rufe wa likita abin da ya zo gani. Ka zuba duk magungunan da kake sha a leda ka tafi da su, har da na gargajiya. In kana da waya mai hoto, ka riƙa ɗaukar wurin lokaci-lokaci, hoton zai tuna abin da ka manta.

Mu koma gidan da muka fara. A ce 'yar ta yi ta maza ta kai mahaifiyarta asibiti, aka yi tambaya, aka duba, aka ɗauki ɗan yanki, sakamako ya fito: laikin filanus ce, babu alamar daji. Aka ba ta na kurkurawa, raɗaɗi ya lafa, kofinta ya koma cikin 'yan'uwansa, har yaji ya fara dawowa kaɗan-kaɗan. Ciwon bai bar ta ba, amma ta san sunansa, ta san ranar komawarta. Saura maigida, yana nan zaune a ƙofar gida da ɗan gwangwanin tabarsa, yana cewa nasa ba ya ciwo. Shi ne ban san yadda labarinsa zai ƙare ba, domin ƙarshen na hannun wanda zai iya ce masa, "Baba, don Allah gobe mu je a duba." In akwai irinsa a gidanku, to ku ake jira.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, mu kuma ya ƙara mana.